Jinyar Itacen da Maman Ifeoma Ta Bar Mini

Na yi jinyar mahaifiyata har ta koma ga Ubangiji, na yi ta maigidana lokacin da babur ya karya masa ƙafa, amma jinyar da ta fi ramar da ni ta itace ce, itacen da ke cikin tukunya. Na san akwai masu dariya. Ku yi abinku, ni ma da wata ce ta ba ni labarin da na dara. Ina rubutawa ne don matan zumunta sun ishe ni da tambaya, kowace da irin abin da ta jiyo, kuma don duk wadda maƙwabciya za ta bar wa ajiyar shuka ta san abin da za ta tambaya kafin ta ce to.

Sunana Rifkatu, amma a Kamazou da Maman Bulus aka san ni. Ɗinki nake yi a barandata. Gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya, ƙofata tana kallon ta Maman Ifeoma, Inyamura mai sayar da bokitai da robobi a Sabon Tasha. Mijinta makanike ne a Kakuri, ya daɗe da rasuwa. 'Ya ɗaya Allah ya ba ta, Ifeoma, wadda ta girma a gabana. Ni na ɗinka mata kayan makaranta, ni na ɗinka na biki, sannan miji ya tafi da ita can ƙasarsu.

Tun ranar da suka tare a gidan itacen yake barandarta, can cikin lungu inda ko feshin ruwan sama ba ya kaiwa. Masu sayar da furanni suna ce masa yuka. Jikinsa kamar taɓarya, babu reshe, sai tarin dogayen ganye masu tsini a ka, kuma ya ɗara ni tsawo. Tukunyar ta siminti ce, mace ɗaya ba ta iya motsa ta. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ba a miya da shi, ga tsinin yana yaga wa mutum zane. Na sha tsokanarta cewa ta tuge shi ta shuka ugu ko ma samu na miya. Dariya kawai take yi, ta ɗauko tsumma tana goge masa ganye.

Farkon damina aka kira ta cewa Ifeoma ba lafiya. Cikin fari ne, bayan shekaru ana jira, ya shiga wata na bakwai. Da safe ta fito da jaka, ɗankwali a karkace, ta miƙo mini makullin ɗaki.

"Maman Bulus, abeg, ki duba mini wannan itace. Kada ya mutu. Kuma kada kowa ya taɓa ƙasar ciki, ko cokali ɗaya."

Na ce, "Shagon fa, wa zai duba?"

"Bar shago. Itacen nake faɗa miki."

Mai keke napep yana ta danna oda a waje, ta fita da gudu. Iyakar bayanin da na samu ke nan.

Ni kuwa ba a ba ni amana in yi mata riƙon sakainar kashi. A makon farko na tsaya na dubi itacen, ƙasarsa a bushe ƙamas har ta tsage, ga ruwan Allah yana zuba kyauta a tsakar gida. Sai na ga ai wannan zalunci ne. Na sa Baban Bulus, maigidana, da wani mai baro suka jawo tukunyar suka ajiye a fili kusa da ƙofata, inda zan riƙa ganinsa ina kan keken ɗinki. Ranar da ba a yi ruwa ba in ba shi bokiti safe da yamma. Har ina yaba kaina, ina cewa kafin ta dawo sai ta kasa gane shi.

A mako na biyu ganyen ƙasa suka fara rawaya. Baban Bulus ya ce kewar uwar ɗakinsa yake yi, in kunna masa waƙar Inyamurai. Na ƙara masa ruwa, domin a gidanmu haka aka koya mana: mara lafiya ko ya ƙi tuwo, ba a barinsa da ƙishi.

Kullum da rana, bayan likitoci sun gama zagaye, Maman Ifeoma takan kira. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kafin ta ce komai game da 'yarta sai ta tambayi itace. In ce yana nan lafiya, ta ce, "Kin tabbata?" Sannan ta ba ni labari. Ƙafafun Ifeoma sun kumbura, silifas ba ya shiga. An ce hawan jini ne irin na masu ciki. Sun wuni a layi kafin a ba su gado, gadon ma sai da wata ta tashi.

A mako na uku ganyen suka saki, kan itacen ya fara sunkuyawa gefe guda. Nan masu shawara suka taso mini. A zumuntar mata wata ta ce toka, wata ta ce ganyen shayin da aka riga aka dafa, matar fasto ta ce ruwan wankin shinkafa, da shi take raya duk furannin gidanta. Ƙanin maigidana ya zo daga Rido ya rantse cewa ƙusa mai tsatsa ake kafawa a gindi. Ban kafa ƙusar ba saboda an ce kada a taɓa ƙasa, amma sauran duk na yi, kuma kowace shawara da ruwanta take zuwa. Na yanki ganye ɗaya na tafi shagon maganin gona a Sabon Tasha, na bi layin manoma masu sayen maganin ciyawa har ƙafata ta yi tsami. Mai shagon bai ko karɓi ganyen ba, daga nesa ya leƙa ya ce ƙwari ne, ya haɗa ni da kwalba mai tsada. Na fesa, warin ya kori kajin gidan, itace bai ɗago ba. A makon nan ne Maman Ifeoma ta ce ciwon kai ya hana Ifeoma ɗaga kai daga matashi. Na ji maganar, na dubi kan itacen a sunkuye, na kawar da ido na ci gaba da ɗinkina.

Wata Laraba da hantsi na kai hannu zan tallafe shi, sai babban yatsana ya nutse a jikinsa, can ƙasa kusa da gindi. Na cire yatsan, gurbin ya tsaya bai ciko ba. Wani ruwa mai wari ya biyo. Na wanke hannu da sabulu har sau nawa, warin yana nan.

Da rana ta kira. Ban ko gama gaishe ta ba ta ce, "Yau likita ya danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa, ya ƙi dawowa. Ya ce ruwa ne ya cika mata jiki."

Rana tsaka ce, yara suna wasa a waje, wata tana daka a gidan baya, amma ni sai na ji tsakar gidan ta yi mini wani irin shiru. Na ce, "Maman Ifeoma, ban faɗa miki gaskiya ba. Itacen nan ba shi da lafiya." Na zayyana mata komai, har gurbin yatsan.

Ina jin ƙarar takalman ma'aikatan asibiti ta cikin wayar. Da ta buɗe baki, muryarta ƙasa-ƙasa take.

Ta ce a garinsu idan cibiyar jariri ta bushe ta faɗi, ba a yar da ita. Ana kai ta gonar uban a binne a gindin ƙaramar bishiyar manja, daga ranar bishiyar ta zama ta yaron, tare suke girma. Tsofaffi sukan dubi bishiyar su san yadda mai ita yake, ko yana wace duniya. Lokacin da aka haifi Ifeoma suna ɗaki ɗaya a Kakuri, babu kuɗin mota zuwa gida, ƙasar haya kuma ba tasu ba ce. Sai mijinta ya ga wannan itace a bakin titi, ya ga ya ɗan yi kama da bishiyar manja, ya saya ya binne cibiyar a tukunyar, da niyyar in Kirsimeti ta zo su kai gida. Kirsimeti ta zo ta wuce, wata ta zo, har mijin ya mutu. Duk lokacin da aka sauya tukunya, da ƙasar ake juyewa gaba ɗaya.

"Lokacin da ta yi ƙyanda, ganyen ya yi ɗigo-ɗigo," in ji ta. "Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ko ita ba ta sani ba."

Ni mai bi ce, tun ina yarinya nake cikin ƙungiyar mawaƙa, kuma ban yarda rai yana zama a tukunya ba. Mu ma a ƙauyenmu ana binne mabiyiya a bayan ɗaki, amma ba wanda yake komawa ya gaishe ta. Duk da haka tsoro ya kama ni, fushi kuma ya biyo baya. Na ce, "Haba Maman Ifeoma! Ki bar mini abu irin wannan kamar kin bar mini tsintsiya? Ai sai ki faɗa mini!"

Ta ce, "Da na faɗa, za ki karɓa?"

Ta san amsar.

Washegari na tafi wajen masu furanni na bakin titi ta hanyar Trikania, na ɗauko wani Malam Audu a keke napep. Mutum ne mai ƙorafi, tun a hanya yake lissafa mini cinikin da zai rasa. Yana shiga gidan ya toshe hanci. Ya karyi tsinke ya soka a tukunyar, ruwa ya biyo tsinken ya taso. Ya ce a karkata masa ita. Baban Bulus da mai baro suka karkata, ya leƙa ƙarƙashi, ya ɗago yana dubana.

"Madam, wa ya toshe wannan?"

Ramin da ake bari a gindin tukunya don ruwa ya tsiyaye, an liƙe shi da siminti, liƙi mai kyau irin na wanda ya zauna ya yi da gangan. Daga baya Maman Ifeoma ta ce mijinta ne, don kada ruwa ya riƙa tafiya da ƙasar kaɗan-kaɗan. Shi ya sa take ajiye shi a lungu, shi ya sa kofi guda take ba shi ran Lahadi in ta dawo daga sujada. Ta saba da abin har ta manta cewa abin faɗa ne. Ni kuwa na fito da shi fili cikin damina, na bi shi da bokiti. Makonni ke nan saiwarsa tana zaune cikin ruwa kamar an jiƙa wanki an manta.

Malam Audu ya ce a zubar da ƙasar duka, ta riga ta lalace. Na ce ba za a taɓa ta ba. Ya ce to me na kira shi ya yi? Da ƙyar muka daidaita a kan a huda simintin. Na shimfiɗa tsohon zane a cikin baho na tara a ƙarƙashi, Baban Bulus ya sa ƙusa da guduma. Baƙin ruwa ya yi ta zuba, ni kuma ina tace shi, duk ɗan abin da ya tsaya a zanen in kwashe in shanya. Malam Audu yana kallona kamar mai taɓin hankali. Muka mayar da tukunyar ƙarƙashin rufi. Kafin ya tafi ya matsa jikin itacen daga ƙasa zuwa sama, ya faɗi maganar da har yau take kunnena.

"Ƙasan ya riga ya tafi. Kan ne mai sauran rai. In kin yanke shi yanzu kin dasa daban, zai iya kamawa. In kin jira, ruɓar za ta hau ta same shi."

A ranar da muka huda tukunyar, Maman Ifeoma ta kira da murna. An sa wa Ifeoma robar fitsari, fitsarin da ya ƙi fita ya fita, fuskarta ta ɗan saɓe, har ta nemi ayaba. Ban gaya mata abin da muka yi ba sai da ta gama. Ta ce, "Chineke," wato Allah da yarensu, ta kashe wayar. Ni kuma na shiga ɗaki na durƙusa na yi godiya, ban ma san a kan wanne nake godiyar ba.

Sauƙin bai daɗe ba. Na ɗauko allin da nake zana yadi da shi, kowace safiya in bi jikin itacen da yatsa, inda taushin ya tsaya in ja layi. Kowace safiya sabon layin yana saman na jiya. Na daina karɓar ɗinki. Abinci ya daina shiga. Matan gidan, da labari ya fara zagayawa, suka koma bin ta bayan rijiya don kada su wuce ta gabansa, wata ma ta hana 'ya'yanta fitowa tsakar gida. Baban Bulus ya daina tsokana. Wata safiya na fito na same shi tsaye gaban itacen, hannu a baya, yana duba layukan allin.

A mako na biyar Ifeoma ta yi jijjiga. Da sassafe uwar ta kira, muryarta ta dushe.

"Sun ce sai an yi aiki yau a ciro yaron. Sun ce in an jira za a rasa su biyun."

Na so in yi shiru, amma na riga na yi mata ƙarya a baya, ba zan ƙara ba. Na maimaita mata maganar Malam Audu kalma bayan kalma.

Ta ce, "Ki nemo abin yanka. Amma kada ki taɓa sai na ce."

Na aro zarto wurin kafinta, na wanke shi da ruwan zafi. Na zauna a kan kujerar tsuguno, zarto a cinya, waya a hannu. Gari ya yi lumshi, hadari ya haɗu amma ya ƙi zuba. Babu iska ko kaɗan, duk da haka ina ganin ganyen saman suna ɗan rawa. Wataƙila idona ne, domin ban karya ba. Wajen azahar wayar ta yi ƙara.

"Sun shiga da ita. Yanka."

Baban Bulus ya ce in kawo ya yi. Na ce a'a, ni aka bar wa. Ya rungume kan itacen, tsinin yana sukar wuyansa bai ko motsa ba, sai na ji yana karanta Addu'ar Ubangiji a hankali, mutumin da sai na yi da gaske yake zuwa sujada. Na auna taƙi ɗaya sama da layin ƙarshe na sa zarto. Zarton yana kucewa, ina kuka ina ja. Da ya rabu, na duba bakin yankan. Fari ne tas, ruɓar ba ta kai ba.

Sai la'asar ta sake kira. Mace ce, 'yar mitsitsiya, an sa ta a kwalbar bakwaini, tana numfashi. Ifeoma kuwa ba ta farfaɗo ba tukuna.

Daga nan majinyata suka zama biyu. Kan, bisa umarnin Malam Audu, na shafa wa yankan toka na kwantar da shi a inuwa don bakin ya bushe, bayan 'yan kwanaki na kafa shi a sabuwar tukunyar ƙasa mai huji, cike da yashin rafi. Kututturen kuma yana tsohuwar tukunyarsa. Malam Audu ya ce wani lokaci irinsu sukan tsiro ta gefe, kada in sa rai, kada kuma in cire. Kowane zuwa sai na biya shi har da kuɗin keke, yana karɓa yana mita. Ina gode masa duk da haka, domin ko sau ɗaya bai ƙi zuwa ba.

Wata safiya na ga ɗan kore kamar ƙwayar wake ya ɓullo a jikin kututturen, sama kusa da yankan. Na yi ihu har matan da suke gudun wurin suka leƙo. Da rana uwar ta kira tana dariya tana kuka: Ifeoma ta buɗe ido, an nuna mata hoton jaririyar a waya, ta ce a sa mata suna Amaka. Ranar na ci tuwo har na ƙara.

Ƙwayar waken ba ta girma ba. Ta tsaya yadda take, sannan bakinta ya fara duhu. Aka ce ƙodar Ifeoma ta ƙi aiki, ana neman inda za a kai ta wankin ƙoda. Ina duba ɗan tsiron safe da rana da yamma, babu abin da zan iya ba shi, ruwa ma an hana. Ban taɓa jin rashin amfani irin na kwanakin nan ba.

Ranar Asabar da safe na ɗora hannu a kan kututturen, a hankali, kamar yadda na saba. Sai ya biyo hannuna. Ya fito daga ƙasar ba tare da na ja ba, babu saiwa ko ɗaya a gindinsa. Na kwantar da shi a kan buhu. Na shiga ɗaki na sauya zane, na ɗaura baƙin ɗankwali, na fito na zauna a baranda da waya a cinya. Baban Bulus ya dube ni, ya dubi buhun, ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Mijin Ifeoma ne ya kira, ba uwar ba.

Fasto ya zo har gida ya yi mini magana. Ya ce ciwon ya kama ta tun kafin uwar ta bar Kaduna, tun kafin in taɓa tukunya, kuma gaskiya ne, ina riƙe da wannan da hannu biyu. Ya ce mata da yawa suna irin wannan ciwo ba su da itace a ko'ina, wannan ma gaskiya ne. Kaina ya yarda. Amma har yau in na ɗaga bokiti cike da ruwa sai gabana ya faɗi, kuma ina kewar yarinyar nan kamar ni na haife ta.

Abin da zan ce wa mata 'yan'uwana kaɗan ne. Irin wannan itace ƙishi ba ya kashe shi, ruwa ne ajalinsa. Ku leƙa ƙarƙashin tukunya kafin ku zuba komai. Kada ku matsar da shuka daga inda mai ita ta ajiye ta, tana da dalili ko ba ta faɗa ba. Sannan ku tambaya, da baki, ko akwai wani abu a cikin ƙasar.

Kan ya yi makonni bai nuna komai ba, bai mutu ba, bai yi sabon ganye ba. Ina ba shi ruwa da murfin kwalba. Wata rana Malam Audu ya kama shi ya ɗan ja sama, ya ji ya riƙe. Ya ce, "Ya kama." A makon aka fito da Amaka daga kwalba.

Sai da damina ta ɗauke Maman Ifeoma ta dawo, ta rame ta yi baƙi, da jaririya a baya. Ta zo ne ta sayar da shago ta kwashe kaya, za ta koma can ta yi renon jikarta. Na daɗe ina tsoron ranar nan, na shirya maganganu iri-iri, da na gan ta duk suka gudu. Na jawo buhun da na tara ƙasar a ciki, har da wadda na tace a zane, da kututturen a naɗe. Ta durƙusa ta buɗe, ta cusa hannu ciki, ta daɗe a haka. Ta ce za ta kai a zuba a kan kabarin Ifeoma.

Na fara cewa, "Maman Ifeoma, ruwan nan da na..."

Ta ɗaga hannu. "Ba ki tambaya ba, ban faɗa ba. Ya isa."

Ta kwanto Amaka ta miƙo mini. Ba nauyi, sai idanu, idanun uwarta sak. Na shiga da ita ɗaki in nuna wa Baban Bulus, muka ɗan daɗe yana yi mata wasa. Da na fito, na tarar da Maman Ifeoma a durƙushe gaban sabuwar tukunyar, tana shafa yashin da tafin hannu tana daidaitawa. A gefenta akwai ɗan farin ƙyalle a warware, babu komai a ciki.

Na ce, "Me kika yi?"

"Dangin uban sun ce a kai cibiyar Amaka ƙauye a binne gindin manja. Na ce a'a. Wannan itacen jikin uwarta ne. Ina kuma zan kai ta?"

"To ki tafi da shi! Don Allah ki tafi da shi, ni ba zan iya ba."

"Saiwar jiya-jiya ce, ba za ta kai Lokoja ba, ke ma kin sani." Ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa, ta karɓi jikarta ta goya. "Duk duniya ke kaɗai kika san abin da yake kashe shi. Wa zan ba in ba ke ba?"

Na yi mata faɗa, na yi kuka, na ce wannan ba adalci ba ne, kuma har yanzu ina kan bakana. Ta tsaya ta saurare ni har na gama. Bayan kwana kaɗan motar kaya ta zo, ta tafi.

Tukunyar tana barandata yanzu, can cikin lungu. Na ƙi zuwa bikin 'yar ƙanwata a Kafanchan saboda ba ni da wanda zan bar wa. Tun ranar da suka tafi ban sake ganin Amaka ba, kuma ba na kira in tambayi jikinta. Na san lafiyarta lau. Na duba da safen nan.